Wa ke zuba wa dajin Yankari taki?

Ɗan_Kumo
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ke damuna, ina son masu karatun abin da masu gogayya su warware mini. Dajin Yankari babu mai shiga cikinsa da buhun taki, babu mai yi masa huɗa, amma duk damina ciyawa sai ta fi mutum tsayi, giwa da ɓauna su ci su ƙoshi. Mu kuwa gonakinmu na nan wajen Kumo, in ba ka zuba na zamani ba masara ba ta wuce gwiwa, ganye ya yi rawaya ta tsaya cak. Dattawa na cewa a da ba a san buhun taki ba, kuma rumbu na cika. To ina ƙarfin ƙasar ya tafi? Ni a ganina takin zamanin ne da kansa ya cinye ƙasar, ya sa ta saba, yanzu ba ta iya komai sai da shi.

Manomin_Deba
Wa alaikumus salam. Maganarka na kan hanya. Gonar da ka fara zuba wa yuriya ba ka isa ka daina ba. Abin da ya ishe ta bara ba ya isarta bana. Ga ƙasar ta yi tauri, ruwa na sauka sai ya gudu.

Malamar_Kimiyya
Malam Ɗan_Kumo, wannan shi ne darasin da nake koyar wa ɗalibaina a sakandare. Kafin a ɗora wa taki laifi, a fara duba abin da ke fita daga wuri da abin da ke komawa cikinsa.

A daji, itace na zuƙo abincinsa daga ƙasa ya yi ganye. Ganyen ya bushe ya faɗo a gindinsa. Gara da tsutsar tana su ci, funfuna da ƙwayoyin bakteriya su ƙarasa ruɓar da shi, sinadaran da ke ciki su koma ƙasa, saiwa ta sake zuƙa. Ɓauna ta ci ciyawa, ta yi kashi da fitsari a wurin. In ta mutu kura da ungulu su ci, abin da ya rage ya ruɓe a wurin. Kaɗan ne ke barin dajin. Adashe ake yi a can, kowa na zubi kowa na kwasa.

A gona fa? Ka kwashe hatsi. Ka kwashe kara don danni da girki da dabbobi. Ka ɗaure harawa ka kai kasuwa. Ɗan abin da ya rage ka tara lokacin sharar gona ka sa masa wuta. Ka je kasuwar Tudun Hatsi a Gombe bayan kaka ka ga yadda ake loda tireloli. Kowane buhun wake ko masara da ya nufi Kudu yana tafe da naitirojin da fosfaros da fotashiyam na ƙasar Gombe, kuma ba zai dawo ba. Shekara da shekaru ana haka, dole ƙasa ta gaji, ko da ba a taɓa ƙirƙiro takin zamani ba.

Baffa_Dukku
Allah ya yi miki albarka Malama. Ni na ga zamanin da yaron nan ke magana. Rumbu na cika, gaskiya ne, amma bai faɗi sauran ba. In gona ta fara ja da baya sai mu bar ta ta zama saura, mu yi sassabe a gaba. Kafin mu dawo mata sabara da kalgo sun rufe ta. Sannan da kaka Fulani na zuwa su kafa mashekari a gonarka, shanu su ci kara su bar maka taki, kai kuma ka ba su dawa. Yanzu gonar da mutum ɗaya ya noma, 'ya'ya da jikoki sun raba. Wa ke da filin da zai bari ya huta?

Ɗalibin_Kashere
Ina son na ƙara lissafi a kan abin da Malama ta ce. Yuriya kashi 46 cikin 100 ne naitirojin, wato buhu mai kilo 50 na ɗauke da kilo 23. Ban da shi babu wani abinci a ciki. NPK 15-15-15 kuma abubuwa uku ne kawai: naitirojin da fosfaros da fotashiyam. Alhali shuka na buƙatar fiye da goma, har da farar wuta da zinki da magnisiyam. Kana ba ta ɗaya ko uku, tana girma da ƙarfi, tana ƙara kwasar sauran daga ƙasa. Shi ya sa Manomin_Deba ya ga abin bara ba ya isa bana. Ba wai ƙasar ta saba ba ne, wani abin ne daban ya ƙare.

Amma akwai inda shi da Ɗan_Kumo ke da gaskiya. Yawan zuba yuriya shekara bayan shekara na sa ƙasa ta yi tsami, musamman jigawa. Kuma taurin da yake faɗa rashin ruɓaɓɓen ganye da kashi ne a cikin ƙasar, wanda buhu ba ya bayarwa.

Manomin_Deba
To na ji. Amma maganar wuta ban yarda ba Malama. Toka taki ce. Kowa ya san inda aka tara kara aka ƙona, nan dawa ta fi yin baƙi-ƙirin. Ido ne ya gani, ba labari ba.

Tsohon_Malamin_Gona
Abin da idonka ya gani gaskiya ne ɗan'uwa. Toka na da fotashiyam da alli, tana kuma rage tsamin ƙasa. Sai dai ka lura, karan gona guda ka tattaro ka ƙona a wuri ɗaya. Wurin ya samu, sauran gonar ta rasa. Na biyu, naitirojin da farar wuta ba sa zama a toka, hayaƙi suke bi. Na uku, tokar ma in ka ƙona tun watan Maris, iskar bazara na kwashe rabonta kafin ruwan fari. Na yi shekaru ina yawon ƙauyuka a kan wannan magana, kuma na san dalilin manomi: macizai, tsutsar kara, da wahalar huɗa a cikin tarkace. Dalilai ne na gaske. Amma kada a ce riba ake ci.

Jikan_Maharba
Ni ɗan Alkaleri ne, Yankari a ƙofarmu take. Ku daina magana kamar wuta ba ta shiga dajin. Duk rani yana ci, wani lokaci ma da gangan ake sa ta da wuri tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, don kada ta zo da ƙarfi daga baya. In wuta na korar wannan sinadarin, me ya sa dajin bai mutu ba?

Malamar_Kimiyya
@Jikan_Maharba tambaya mai kyau. Dajin na yin asara duk lokacin da ya ƙone, babu shakka. Bambancin shi ne yana da hanyoyin mayarwa. Ciyawar daji mai daɗewa ce, kafin ta bushe tana janye yawancin abincinta zuwa saiwa, saiwar kuma wuta ba ta kai mata. Itatuwa na zura saiwa can ƙasa su ɗebo abin da ruwa ya nutsar, su dawo da shi sama ta ganye. Akwai itatuwa da ciyayi dangin wake masu kamo naitirojin daga iska. Walƙiya ma na haɗa kaɗan, ruwan sama ya sauko da shi. Kuma babu mai zuwa da amalanke ya kwashe amfanin wurin duk kaka. Fili ne mai murabba'in kilomita sama da 2,200, ga kogin Gaji na ratsa shi. Gonar kadada ɗaya da aka tumɓuke kututturanta kaf ba ta da yawancin waɗannan.

Ɗalibin_Kashere
Har ƙurar hunturu taki ce. Yawancinta daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, wanda a da can ƙasan tafkin Chadi ne. Tana ɗauke da alli da fotashiyam da ɗan fosfaros. Wata ma tana tsallaka tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka.

Abban_Walid
Kai ɗalibi, a yi hattara. Ƙurar da ke sa mana tari da mura ita ce taki? To ai da mun fi kowa amfanin gona.

Ɗalibin_Kashere
Yaya, ban ce ta isa ba. Kaɗan ce a shekara. Daji da ba a kwashe masa komai, wannan kaɗan ɗin na taruwa. Gonar da iska ke share ta tsirara duk rani kuwa, abin da ke tashi daga kanta zai iya fin abin da ke sauka. Ganye da kara da itatuwa su ke tare ƙurar ta zauna.

Bafillacen_Nafada
Na ji daɗi da Baffa ya tuna mashekari. Ina karanta ku tun ɗazu, kowa na ta faɗin abin da ƙasa ta rasa, ba a ce komai kan wanda aka kora ba. Saniya ita ke ɗebo ciyawar daji da rana ta kawo ta gona da dare. Yau burtali an nome shi, makiyaya an nome ta, karan ma sai ka saya. Muka tafi da shanun wani wuri, takin ya bi mu. Mahaifina ya ce a da rigima ake yi tsakanin manoma kan wanda zai samu garke ya kwana a gonarsa. Har fura ake kawo mana.

Manomin_Deba
Hamma, kada ka sa mu fara. Makiyayan da can suna jira a gama kwashe amfani kafin su shigo. Na yanzu wake na gona, dare ɗaya a cinye maka wahalar damina. Wa zai gayyaci wannan?

Bafillacen_Nafada
Ban goyi bayan mai ɓarna ba, ko ɗana ne. Amma waɗanda kuka sani, kuke cin kasuwa ɗaya, ba su ne ke yi ba, kai ma ka sani.

Admin_Zaure
'Yan'uwa a tsaya kan maganar ƙasa don Allah. Kowa ya faɗi nasa, an ji.

Baffa_Dukku
Ku bar ni na ce ɗaya kawai. Har yau a wajenmu akwai masu wannan yarjejeniya, kuma in ka wuce gonarsu da damina ba sai an nuna maka ba. Fitsarin ma ya fi kashin aiki, shi ya sa kwana a gona ya fi ɗauko taki daga gida. Wanda aka tara a turke rana ta gasa shi wata da watanni, ƙarfinsa ya ragu kafin ya isa gona.

Hajiya_Mai_Lambu
Salamu alaikum. Ni ba ni da shanu, ba ni da babbar gona, ɗan lambu ne a bayan gida nan cikin Gombe. Abin da nake yi, na haƙa rami a inuwa. Sharar tsakar gida, ɓawon doya da na gyaɗa, ƙaiƙayi, kashin akuya da na kaji, ɗan toka, duk nan suke zuwa. Ina yayyafa ruwan wanke shinkafa, in rufe da tsohon buhu. Bayan 'yan kwanaki in ka zura hannu ciki za ka ji ɗumi sosai, da sanyin safiya har tururi yake. In na juya shi sai in ga farin abu kamar zare ya bi ganyen, ga ƙananan ƙwari na ta gudu. Idan ya nuna yakan yi baƙi, ya yi laushi, warin kashi ya tafi, ƙanshin ƙasar ruwan fari ya maye. Alayyafo da yakuwa da tumatir ɗina da shi nake yi.

Gargaɗi ɗaya: kada ku zuba ɗanyen kashin kaji a gindin shuka, yana ƙona ta.

Maman_Ikram
Hajiya na gode. Shin takin bola da ake sayarwa a tifa fa? Maigidana ya sa an kai gona, bana duk inda garma ta bi leda ce ke fitowa.

Hajiya_Mai_Lambu
Ƙanwata, bolar yanzu ba ta da ba ce. Leda ba ta ruɓewa, ga batir, ga kwalba, ga allura. In dole ne a tace ta kafin a watsa. Akuyar maƙwabciyata leda ce ta kashe ta, da aka farke cikin dam yake da ita.

Tsohon_Malamin_Gona
Maganar bola ta tuna mini da Kano. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin sun daɗe ana noma gonakinsu kowace shekara ba hutu, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Dalili, da rani jakuna na fita daga birni da mangaloli cike da taki da toka da shara zuwa gonaki, hatsi da itace kuma su shigo. Wato abin da Malama ta ce yana fita, su sun samo hanyar dawo da wani ɓangarensa. Mu a Gombe sharar gari kwata take toshewa, ruwa ya kwashe ta zuwa kwari.

'Yar_Billiri
Sannunku da muhawara. Ni inda na tsaya shi ne maganar gara. Malama ta sa ta cikin masu aikin kirki. A wurinmu gara ce ke cin gindin masara ta kwantar da ita dab da girbi. In na bar kara a gona ai kiran ta na yi.

Malamar_Kimiyya
Adda, gara iri-iri ce, kuma kaɗan daga ciki ne ke taɓa shuka mai rai. Yawancinsu busasshen abu suke nema. A ƙasa mai zafi da dogon rani irin tamu, tsutsar tana ba ta iya aiki sai da damina, don haka gara ce ke ɗaukar babban kaso na aikin ruɓarwa. Sau da yawa gonar da aka share tas ita ce gara ke afka wa shukarta, don babu wani abin ci. Ban ce ba ta ɓarna ba. Amma ki duba abin da ke fitowa a kewayen tsohon suri.

Tsohon_Malamin_Gona
@'Yar_Billiri ki gwada wannan a fako, inda ƙasa ta yi sulɓi ko ciyawa ba ta fitowa. Ki shimfiɗa kara da rassa tun rani ki bar su. Da ruwa ya fara sauka ki ɗaga karan. Za ki ga gara ta lulluɓe shi da ƙasa, a ƙarƙashi kuma ƙananan ramuka birjik. Nan ruwa zai riƙa shiga maimakon ya gangare. Da irin wannan dabara Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da fako: ya haƙa ramuka da rani, ya zuba taki a ciki, gara ta zo ta buɗe ƙasa, ya shuka a ramin. Har lambar yabo ta duniya aka ba shi a 2018. A Nijar ma ana yi, tassa suke ce masa.

'Yar_Billiri
Zan gwada a gefe ɗaya in gani. Mu dai abin da muka gada shi ne jera duwatsu a gangare. Wanda ya taɓa hawa Tula ya ga yadda aka yi wa dutse matakala ana noma a kai. Ƙasar da ruwa zai tafi da ita nan take tsayawa.

Baffa_Dukku
Ba wanda ya ambaci gawo. Duk itacen da na sani da damina yake ganye, shi kuwa da damina yake zubar da nasa, ya tsaya tsirara, ba ya yi wa shuka inuwa. Da rani ya yi kore, dabbobi su taru a ƙarƙashinsa suna cin 'ya'yan suna kashi. Geron gindin gawo daban yake. Iyayenmu ba sa sare shi. Yanzu mai tarakta cewa yake a tumɓuke komai don ya samu hanya, mai gawayi kuma na jiran marke da ƙirya.

Ɗalibin_Kashere
Baffa, gawo ɗan dangin wake ne. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma shuka ba ta iya amfani da ita haka nan. Wasu bakteriya ne ke zama a saiwar wake da gyaɗa da waken suya da gawo su juya ta ta zama abinci. Kowa zai iya gani da idonsa. Ka tono wake lokacin da ya fara fure, a hankali kada saiwar ta tsinke, ka wanke. Za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle manne da ita. Ka fasa ɗaya da farce. In cikin ja-ja ne, aiki ake. In fari ne ko kore, babu abin da ake yi. Yuriyar da muke saya ma daga iskar nan ake kamo naitirojin ɗinta, da iskar gas, ta hanyar da Haber da Bosch suka samar a Jamus farkon ƙarni na 20.

A yankin Maraɗi tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon sarewa, abin ya yaɗu, itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada a Nijar.

Manomin_Deba
To ai ni duk shekara ina sa wake a cikin dawa. Me ya sa ban ga wannan alherin ba? Wuta-wuta ma sai ƙaruwa take.

Tsohon_Malamin_Gona
Saboda ka kwashe waken, ka tumɓuke harawar har da saiwa ka ɗora a kan rufi. Abin da ya kamo yana cikin ƙwaya da ganye. In harawar dabbobinka suka ci kuma takin ya koma gonar, to an yi daidai. In kasuwa ta tafi, kaɗan ya rage maka. Ka riƙa yanka ta ka bar saiwar a ƙasa.

Wuta-wuta kuwa alamar gajiyar ƙasa ce. Irinta ƙanana ne ƙwarai, kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar dawa ko masara ko gero. Ka ba gonar waken suya zalla ko auduga na damina ɗaya ko biyu. Saiwarsu na sa irin ya tsiro, ya rasa abin kamawa ya mutu. Wadda ta fito kuma a cire ta kafin ta yi iri, a fitar da ita daga gonar.

Masuncin_DadinKowa
Ku manoma kuna ta neman inda ƙarfin ƙasarku ya tafi, wani yana wurinmu. Da ruwan farko kogin Gongola ja yake zuwa, ƙasar gonaki ce. Tana shiga dam ɗin Dadin Kowa ta kwanta. Takin da aka watsa a sama ba a rufe ba, ruwa ya wanke, shi ma nan yake ƙarewa. A ƙananan tafkuna da kududdufai inda ruwa ba ya gudu sai gansakuka da kainuwa su rufe fuskar ruwan, in sun mutu suna ruɓewa kifi ya rasa iska. Na sha ganin kifi na taso da baki sama da asuba.

Ɗan_Azare
Mu a ɓangaren Katagum ciyawar kachalla muka sani. Kogin Jama'are na haɗuwa da na Haɗeja a fadamun Haɗeja da Nguru. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, daga baya na Challawa, tafiyar ruwan ta canza, wuraren da ke bushewa da rani suka daina bushewa. Kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin fadama, tsuntsun jan-baki kuma ya samu maɓoya. An taɓa abu ɗaya a Kano, mutanen Yobe suka ji a jikinsu.

Abban_Walid
Wannan ya tuna mini, yaushe rabon da wani a nan ya ga ungulu a mahauta? Muna yara cike suke a kan rufin kasuwa.

Jikan_Maharba
Kama su ake ana sayar da kai da ƙafa ga masu magani, wasu kuma guba ke kashe su. Ko a daji sun ragu. Mushe kan daɗe yanzu yana wari, karnuka da ƙudaje ne ke kansa.

Malamar_Kimiyya
A Indiya an ga ƙarshen wannan. A shekarun 1990 ungulayensu suka ragu da fiye da kashi 90 cikin 100, aka gano wani maganin ciwo ne da ake ba shanu, diclofenac, ke kashe su in sun ci mushen. An hana ba dabbobi shi a 2006. Kafin nan karnukan da ba su da masu su sun yawaita a wuraren zubar da mushe. Haka buzuzu: shi ke binne kashin shanu a ƙasa, kuma wasu magungunan tsutsa da ake yi wa shanu allura na fita ta kashi su cutar da shi. @Bafillacen_Nafada ko ka lura da wani abu?

Bafillacen_Nafada
Da damina dai har yanzu kashi ba ya kwana biyu ba su farfasa shi ba. Zan sa ido bayan allura in gani, Malama.

Ɗan_Kumo
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma ku dawo da ni gonata. Damina na tafe, ba ni da shanu, ba ni da filin da zan bari ya huta. In daina sayen taki ko in ci gaba? Har yanzu zuciyata na ce mini buhun nan ba alheri ba ne.

Ɗalibin_Kashere
Kada ka daina. Matsalar Afirka ƙarancin taki ce, ba yawansa ba. A taron Abuja na 2006 kan taki shugabannin Afirka sun sa burin kai wa kilo 50 a kowace kadada saboda abin da ake zubawa ya yi kaɗan ƙwarai. Fosfaros kuma babu shukar da ke kamo shi daga iska. Wanda tirela ta tafi da shi, sai an dawo da shi a buhu ko a kashin dabba.

Hajiya_Mai_Lambu
Ɗana, kai lissafi kake yi, shi kuɗin buhu yake dubawa. Talaka ya fara da abin da ke tsakar gidansa.

Tsohon_Malamin_Gona
Ramin Hajiya zai ishi lambu, ba zai ishi kadada ba. Ni shawarata ka haɗa. Raba gonar, gefe ɗaya waken suya ko gyaɗa, gefe ɗaya masara, baɗi ka juya. Ɗan takin gida da ka samu ka zuba a ramin shuka, kada ka watsa. Yuriya ka tona ka binne a gefen shuka lokacin da ƙasa ke da laima, ka raba ta sau biyu, don wadda aka bari a sama rana da iska na cin kasonsu. Tohon gawo ko kalgo da ya fito, ka zaɓi kaɗan ka bari.

Manomin_Deba
Duk na ji, amma kara ba zai zauna a gona ba ko na bar shi. In ban kwashe ba wani zai kwashe, ko yara masu farautar gafiya su sa wuta. Sai dai in unguwa guda za ta yarda a yi tare.

Baffa_Dukku
Wannan sai an kai wa mai unguwa. Ɗan_Kumo, gonar taka jigawa ce ko laka? Ba abu ɗaya suke so ba.

Ɗan_Kumo
Jigawa ce Baffa, amma can ƙasa wajen rafi akwai laka. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗauko hoton duka ɓangarorin in turo.

Bafillacen_Nafada
Ka duba kuma ko akwai ruga kusa da ku. In akwai, ka je ka gaida ardonsu tun yanzu, kada ka bari sai kaka.